Ceri a Cikin Tukunya: Yadda Ƙatuwar Bishiya Ke Komawa Daidai Tsakar Gida

Bishiyar ceri, idan aka bar ta da halinta, ba ta ƙaramin gida ba ce. A dazuzzukan Turai da yammacin Asiya, inda asalinta yake, takan kai tsawon mita 20, wani lokaci har ta haura. A yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila, inda aka kafa shahararriyar gonar ceri ta Teynham a 1533, zamanin Sarki Henry na Takwas, da dogayen tsani masu tsinka ke hawa su tsinko 'ya'yan, kuma abin da ke can ƙololuwa rabon tsuntsaye ne, don ba ragar da za ta rufe bishiya mai wannan girma. Amma a yau za ka tarar da ceri a barandar bene a Landan ko Balin, tana tsaye cikin tukunya, tsawonta bai fi na mutum da ɗan kai ba, ga ta ja wur da 'ya'ya a watan Yuli. Mutane da yawa na ɗauka almakashi ne ya mayar da ita haka. Ba shi ba ne. Maganar girman ceri a ƙarƙashin ƙasa ake yanke ta, tun kafin mai saye ya ɗora ido a kanta.

Cerin da ake nufi a nan shi ne ɗan itacen ƙasashen sanyi, ja ko baƙi-baƙi, ya ɗan fi kurna girma, da ƙwallo ɗaya a tsakiya da dogon siririn hannu. Ba agwaluma ba ne, duk da cewa a kasuwannin Najeriya akan kira agwaluma da wannan suna. Iri biyu ne manya: mai zaƙi, wanda ake ci ɗanye, da mai tsami, wanda ake dafawa da sukari ko a matse ruwansa. Turkiyya na cikin ƙasashen da ke kan gaba a duniya wajen nomansa.

Duk wanda ya san mangwaro mai aure ya riga ya san rabin zancen. Cerin da ake sayarwa a gidan renon dashe bishiya biyu ce a jiki ɗaya. Ƙasa, wato saiwa da ɗan guntun gindi, daga wata shuka take. Sama, wato rassa da ganye da 'ya'ya, daga irin da ake so a ci. Na sama shi ke ba da ɗanɗano da launi da lokacin nuna. Na ƙasa shi ke faɗin iyakar girma, da shekarar da za a fara haihuwa, da irin ƙasar da bishiyar za ta jure. Saiwa mai ƙarfi tana yaɗuwa nesa, ta jawo ruwa da abinci da yawa, ta aika wa sama da sinadaran da ke tunzura toho, sai bishiya ta yi ta zuba itace shekara da shekaru ba ta damu da fure ba. Saiwa mai ƙaramin ƙarfi kuwa abin da take aikawa sama taƙaitacce ne. Rassa ba sa samun abin yin tsawo, sai bishiyar ta karkata da wuri zuwa fure da 'ya'ya.

Tuffa ta daɗe da samun irin wannan saiwa mai gajarta bishiya, amma ceri ta sha jira. Cibiyar bincike ta East Malling da ke Kent ta fitar da wata mai suna Colt a shekarun 1970, wadda ta rage girman, sai dai bishiyar da ke kanta takan kai mita 5 zuwa 6, kuma wannan ya fi ƙarfin ƙaramin fili, balle tukunya. Canjin gaske daga Jamus ya zo. A jami'ar garin Giessen, tun shekarun 1960, masana suka yi ta haɗa jinsunan ceri daban-daban, daga ciki aka zaɓo jerin saiwoyin da ake kira Gisela. Wadda ta fi yaɗuwa a lambunan gida ita ce Gisela 5, 'yar haɗin ceri mai tsami da wani jinsin daji na ƙasar Sin. Ceri mai zaƙi a kanta yakan tsaya wajen mita 2.5 zuwa 3 a ƙasa, a tukunya kuma ƙasa da haka, ya fara haihuwa a shekara ta uku ko kusa da haka. Da wannan saiwa ne manoman Ingila suka koma noman ceri a ƙarƙashin rumfunan leda, bayan sana'ar ta kusa mutuwa a ƙarni na 20.

Shi ya sa nake ganin takardar da ke rataye a jikin dashe ta fi hoton da ke kanta muhimmanci nesa ba kusa ba. Suna biyu ya kamata ka gani: sunan iri da sunan saiwa. Idan an rubuta "gajeriya" kawai ko "ta baranda" ba a faɗi saiwar ba, ka tambaya, in mai sayarwa bai sani ba ka nemi wani. Haka nan kada ka yaudari kanka da shuka ƙwallon cerin da ka ci. Zai iya tsirowa idan ya sha sanyi, amma abin da zai fito ƙatuwar bishiya ce a kan saiwarta, za ta ɗauki shekaru masu yawa kafin ta yi fure, kuma 'ya'yanta ba lalle su yi kama da wanda ka ci ba.

Saiwa mai gajartawa tana da nata sharaɗi. Ba ta nutsewa ƙasa sosai, don haka bishiyar na bukatar turke da za a ɗaure ta a jiki, ba na shekara ɗaya ba, na dindindin. Ba ta jure ƙishi, ba ta jure ƙasa marar taki. Kuma tana da halin ɗora wa bishiya 'ya'ya fiye da ƙarfinta, har su fito ƙanana, toho ya tsaya. Wanda ya zaɓe ta ya ɗauki alkawarin ruwa da taki ke nan.

Akwai wata hanyar ga masu zama inda sanyi ya yi tsanani. Jami'ar Saskatchewan da ke Kanada ta fitar da ceri masu tsami waɗanda gajeru ne da kansu, ba a yi musu aure ba: Carmine Jewel a 1999, sai su Romeo da Juliet da Cupid a 2004. Ba sa wuce mita 2 da 'yan kai, kuma suna jure sanyin da ya kai 40 ƙasa da sifili. Da yake a kan saiwarsu suke, ko sanyi ya kashe sama, abin da zai tsiro daga gindi irin nan ne dai.

Bayan saiwa sai zancen barbara, kuma a nan ne mai bishiya ɗaya tilo kan sha mamaki. Yawancin tsofaffin irin ceri mai zaƙi ba sa karɓar garin furensu. Fure yana gane garin da ya fito daga jikin bishiyarsa, ko daga wata mai irin alamar gadonsa, sai ya tare shi a hanya kafin ya isa inda ɗa zai ƙullu. Bishiya ta yi fari fat da fure a watan Afrilu, furen ya zube, ko ɗa ɗaya babu. Manoman da suka gabata sai sun shuka iri biyu ko uku masu jituwa, masu fure lokaci guda, ƙudan zuma ya yi musu jigila. Mai ƙaramin fili ba shi da wurin wannan. Mafita ta faro daga cibiyar John Innes a Ingila, inda aka haska wa garin fure haske mai ratsa jiki, aka samu 'yan tsiron da wannan shinge ya karye a cikinsu. Da ɗaya daga cikinsu ne K. O. Lapins, masanin da ke tashar bincike ta Summerland a yammacin Kanada, ya samar da Stella, wadda aka fitar a 1968, ceri mai zaƙi na farko da ya shiga kasuwa yana iya haihuwa shi kaɗai. Daga wannan tasha kuma aka samu Lapins da Sunburst da Sweetheart, duk masu wannan hali. In bishiya ɗaya za ka saya, daga cikin irin waɗannan za ka zaɓa. Ceri mai tsami kamar Morello dama can yana barbarar kansa, ga shi yana haƙuri da inuwa, har a jikin bangon da rana ba ta cika dukansa ba yana haihuwa. Mai zaƙi kuwa sai inda rana ke zama aƙalla awa 6 a yini.

Ko da iri mai barbarar kansa ne, wani abu ne zai ɗauki garin daga wannan sashe na fure zuwa wancan. A bene na biyar, ko a mako mai sanyi da ruwa da ƙudan zuma bai fito ba, sai ka ɗauki ɗan buroshi mai laushi da tsakar rana, ka riƙa shafa cikin furannin ɗaya bayan ɗaya. Aikin minti goma ne a kan ƙaramar bishiya, kuma yana iya zama shi ne bambancin samu da rashi a wannan shekara.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar mai karatu Bahaushe, ko yana Kano ko yana Manchesta. Ceri ba jure sanyi kawai take yi ba, bukatarsa take. Tun a watannin zafi take ƙulla idon furen baɗi, sai ta zubar da ganye a ƙarshen shekara, idanun su shiga barci. Ba sa farkawa sai sun tara adadin awannin sanyi, wato lokacin da ma'aunin zafi ke tsakanin sifili da digiri 7. Yawancin iri na neman tsakanin awa 700 zuwa 1,200. Hikimar a fili take: da ɗumin kwana biyu a tsakiyar hunturu zai iya tashin fure, da sanyin da ke biye ya ƙone shi. Idan awannin ba su cika ba, toho yakan fito a makare, a warwatse, furen ya yi kaɗan ko ya zube. Hunturun ƙasar Hausa, duk da yadda yake sa mu rawar ɗari, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 7, in ma ya sauka na 'yan awanni ne. Ko irin da aka ƙirƙiro a Kalifoniya don wurare masu ɗumi, Minnie Royal da Royal Lee, suna neman awa 200 zuwa 300. Saboda haka wanda ke Kano ko Zariya ko Damagaram, in an tallata masa dashen ceri a intanet da hoton jajayen 'ya'ya, ya riƙe kuɗinsa. Ba taki ko ban ruwan da zai maye gurbin sanyi.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka kuma darasin ta ɗaya gefen yake. Tausayi kan sa mutum ya shigo da tukunyar falo da hunturu, kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Wannan shi ne hana ta haihuwa. A waje za ta kwana. Abin da ke bukatar kariya saiwa ce, don a tukunya ba ta da kaurin ƙasa da zai tare mata daskarewa. A Ingila ya isa a naɗe tukunyar da buhu ko leda mai kumfa, a jingina ta da bango. Inda sanyi ya fi haka, kamar Kanada, sai a kai ta garejin da ba a ɗumamawa, ko a binne tukunyar a ƙasa har bakinta.

Ita tukunyar, faɗin bakinta ya kai santimita 45 zuwa 50, zurfinta ma haka, da ramuka a gindi. A ɗora ta a kan bulo ko 'yan ƙafafu don ruwa ya riƙa tsiyayewa, domin ba abin da ke kashe ceri da sauri kamar saiwa ta kwana cikin ruwa. Ƙasar a samu mai nauyi, wadda ke da ainihin turɓaya a ciki. A Ingila ana sayar da irinta da sunan John Innes mai lamba 3. A gauraya ta da 'yar tsakuwa. Ƙasar buhu marar nauyi tana bushewa da wuri, kuma iska na iya kifar da bishiyar. Lokacin dashe daga Nuwamba ne zuwa Maris, sa'ad da bishiyar ke barci, kuma a lokacin ne ake samun dashe marar tukunya, mai saiwa a waje, wanda ya fi araha. Ka duba gindin za ka ga wani kumburi inda aka haɗa auren. Wannan gaɓa ta zauna sama da ƙasa. In ka binne ta, na sama zai iya fitar da tasa saiwar, ya tsallake gajeriyar, ka wayi gari da ƙatuwar bishiyar da ka gudu tun farko.

Daga nan sai ban ruwa, wanda shi ne ainihin wahalar. Bishiyar tukunya kamar akuyar turke take, abin da ka kawo mata shi ne nata. A watannin zafi tana iya neman ruwa kullum. Kada ka dogara da ruwan sama, don ganye kan tare shi ya zubar a wajen tukunya. Tura yatsa cikin ƙasar, in ka ji ta bushe sai ka zuba har ya fito ta gindi. Abin da ake so shi ne danshi ya daidaita, musamman daga ƙulla 'ya'ya zuwa nuna. Ƙishi a wannan lokaci yana sa bishiya ta zubar da 'ya'yan suna ƙanana. Ruwa mai yawa daf da nuna kuma yana fasa su, haka ma ruwan sama da ya zauna a kan fatarsu, don ɗan ceri yana tsotsar ruwa ta fata, cikinsa ya kumbura, fatar ta tsage. A nan mai tukunya ya fi mai gona sa'a, don in hadari ya haɗo a makon nuna sai ya ja ta ƙarƙashin rumfa.

Taki a ba ta a farkon Maris, sannan daga bayan fure a riƙa ba ta na ruwa mai yawan fotash, irin wanda ake ba tumatir, duk mako biyu har 'ya'ya su nuna. Takin da ke sa ganye kore shar, in ya yi yawa, toho mai laushi zai haifar, ƙwari su samu abinci, fure ya ragu. Kowace shekara a kwashe santimita 5 na saman ƙasar a zuba sabuwa. Duk shekara biyu ko uku kuma, da hunturu, a zare bishiyar, a rage saiwar da ta nannaɗe jikin tukunya, a mayar da ita da sabuwar ƙasa.

Wajen rage rassa ne wanda ya saba da tuffa kan yi ɓarna, don tuffa da hunturu ake yi mata aski, ceri kuwa a'a. Cututtuka biyu ke jiran ta ji rauni a lokacin sanyi da danshi. Ɗaya funfuna ce da ke shiga ta inda aka yanka, ta mayar da ganye launin azurfa, reshe ya mutu. Ɗayar ƙwayar bakteriya ce da ke cin ɓawo, ƙaro ya riƙa tsatsowa daga wurin, ganye ya yi huji-huji. Saboda haka ana yanka ne a lokacin zafi, bayan an tsinke 'ya'ya, a Yuli ko Agusta, a busasshiyar rana, da almakashi mai tsabta, lokacin da rauni ke saurin warkewa. Kuma a san abin da ake yankewa. Ceri mai zaƙi yana haihuwa ne a kan wasu gajerun ƙusoshi da ke jikin rassan da suka shekara biyu zuwa sama, don haka kaɗan ake taɓa shi: a cire matacce, da mai ciwo, da wanda ke gogar ɗan'uwansa. Mai tsami kuwa a kan tohon bara yake haihuwa, in ba a rage tsofaffin rassa ba sai 'ya'yan su yi ta gudu zuwa bakin reshe, ciki ya zama fayau.

Akwai dabarar da ta fi yanka amfani, wadda nake ganin ba a ba ta haƙƙinta. Reshen da ya miƙe sama tsaye ganye da tsawo yake yi, domin kan reshen na sakin wani sinadari da ke danne idanun da ke ƙasa da shi. In ka lanƙwasa shi tun yana ɗanye, ka ɗaure da zare a bakin tukunya ya kusa kwanciya, sai wannan danniya ta yi sauƙi, tsawo ya ragu, idanun fure su yawaita. Mai bango yana iya shimfiɗa rassan a jikin waya su bazu kamar buɗaɗɗen tafin hannu, bishiyar ta ci faɗin bango ba ta ci filin tsakar gida ba, ga ɗumin bangon yana taimakon nuna.

Sauran abokan gaba huɗu ne. Sanyin dare a lokacin fure, wanda digiri 2 ƙasa da sifili ya isa ya fara kashe buɗaɗɗen fure; a lulluɓe ta da mayafi mai sauƙi da yamma, a yaye da safe don ƙwari masu barbara su samu hanya. Sai baƙar darɓa da ke taruwa a ƙarƙashin sabon ganye ta murɗe shi. A ƙaramar bishiya ana murtsuke ta da yatsa tun tana kaɗan. Sai tsuntsaye, waɗanda ke iya share bishiya a safiya ɗaya, kuma ba sa jiran ta gama nuna. Raga ce kaɗai maganinsu, a sa ta da zarar 'ya'ya sun fara sauya launi, a ja ta tam a ɗaure ƙasan don kada tsuntsu ya sarƙafe ya mutu a ciki. Tun 2012 kuma wani ɗan ƙuda daga gabashin Asiya ya bayyana a Ingila, wanda macensa ke huda lafiyayyen ɗan itace ta zuba ƙwai. Inda yake, sai raga mai ƙananan idanu ƙwarai, kuma kada a bar 'ya'yan da suka faɗi a ƙasa.

Ceri ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ko ayaba da ake nukawa ba. Abin da ya tara a kan bishiya shi ke nan, kuma a kwanakin ƙarshe ne sukarin ke hauhawa. Don haka kada launi ya ruɗe ka, ɗanɗana ɗaya tukuna. A tsinka da hannunsa, ya fi daɗewa bai lalace ba, kuma a kula kada a fizge ƙusar da yake rataye a kai, don ita za ta haifi na baɗi. Bishiyar tukunya ba za ta cika maka buhu ba. A shekara mai kyau 'yan kilo ne, abin da iyali za su ci su ɗiba wa maƙwabta. In akwai yara a gidan, a koya musu tofar da ƙwallon. Haɗiye ɗaya da ba a fasa ba ba ya yin komai, amma ƙwayar da ke cikinsa tana da sinadarin da ke komawa guba in an tauna, haka ma ganyen da ya yi yaushi yana cutar da dabbobi, don haka rassan da ka yanke kada ka zuba wa zomo ko akuya.